Tseren keke na mako uku: ana kallon zango duka ne, ko ƙarshensa ya isa?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kallon ƙwallo ne tun tasowata. Tseren keke kuwa, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ne ya jawo ni cikinsa a 2024, lokacin da ake ta yaɗa hotonsa sanye da koriyar riga. Tun daga nan nake leƙa Tour de France, amma abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, sai ka ga mutum ya riga kowa tsallake layi, ya ɗaga hannu ana ta tafa masa, amma rigar ruwan ɗorawa tana jikin wani da ya shigo na talatin da wani abu. To wane ne a gaba ke nan? Na biyu, awa huɗu zuwa biyar ana haska mutane suna murza feda. Ni a ganina kilomita 10 na ƙarshe ne kaɗai tsere, sauran duk rakiya ce. Ku da kuka daɗe a harkar, don Allah ku faɗa mini gaskiya, zama kuke yi ku kalla duka?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farkon. Zango 21 ake yi cikin mako uku, da hutun kwana biyu a tsakani. Kowane zango tsere ne mai zaman kansa, yana da wanda ya ci shi. Amma ban da wannan, ana tara lokacin da kowa ya ɗauka tun daga ranar farko, wanda jimillarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ke sa rigar ruwan ɗorawa. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, duk waɗanda suka shigo a dunƙule lokaci ɗaya ake rubuta musu, da na farko da na ɗari. Saboda haka a ranar shimfiɗaɗɗiyar hanya mai neman cin gasar ba ya kasadar shiga turereniyar ƙarshe, burinsa kawai ya isa lafiya tare da jama'a. Ukun farko ana rage musu daƙiƙa 10, 6 da 4 a matsayin tukuici, shi ke nan. Chris Froome ya ci Tour na 2017 ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba, haka ma Egan Bernal na Kolombiya a 2019.

Sabon_Shiga:
Na gode Malam. Amma in haka ne, me ya hana mai ƙarfi ya tsere musu tun da safe ya tara mintocinsa?

Bakanike_Fagge:
Iska, ƙanena. Duk wanda ya taɓa hawa keke da hunturu yana fuskantar gabas ya san abin da nake nufi. Muna samari ni da abokina mukan je ƙauye a kan Rali, in iska ta taso sai ɗaya ya shiga gaba, ɗaya ya manne masa a baya har taya tana neman taɓa taya. Na gaba yana haki, na baya har sakin feda yake yi. In an jima a yi musanya. To su waɗannan suna gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, wanda ke bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Mutum ɗaya ya ɓalle, mutum ɗari da hamsin suna karɓa-karɓa a bayansa, ina zai je? Shi ya sa sai a kan dutse ake raba raini, don a can gudu ya ragu, fakewa bayan wani ba ta da amfani sosai, kowa ƙafarsa ce za ta fid da shi.

DanDamagaram:
Sabon_Shiga, maganarka ta kilomita 10 ban yarda da ita ba ko kaɗan. Je ka nemo zango na 11 na Tour ɗin 2022, wanda ya ƙare a kan dutsen Col du Granon. Wanda ya kunna a ƙarshe abin da zai gani shi ne Jonas Vingegaard ya tafi, Tadej Pogačar ya buɗe zif ɗin rigarsa ya kasa bi, an ba shi tazarar kusan minti uku. Sai ya ce ai Vingegaard ya fi shi ƙarfi, magana ta ƙare. Alhali tun saura kilomita wajen 60 aka haƙa masa ramin. A kan duwatsun Télégraphe da Galibier, Primož Roglič da Vingegaard 'yan ƙungiya ɗaya suka sa shi a tsakiya, wannan ya fizga ya bi shi, kafin ya numfasa wancan ya fizga. Shi kuma yarinta ta sa ba ya barin ko ɗaya, har shi ma yana ramawa. Kafin a iso dutsen ƙarshe ya ƙone man da ke tankinsa. Ni a ranar ban iya zama ba, a tsaye na kalla.

Zango_Kumasi:
Gaskiya ne, amma irin wannan rana sau nawa take zuwa a mako uku? Kada mu yaudari yaro. Akwai ranakun da ba abin da ke faruwa sai gonakin inabi da tsofaffin gidajen sarauta da jirgi mai saukar ungulu ke haskawa.

UmmuSadiq:
Ni ga yadda nake yi. Da safe nakan duba zanen zangon, wanda ke nuna tudu da gangara. In na ga shimfiɗe yake, sai saura kilomita 15 nake kunnawa, don ranar masu gudun ƙarshe ce. In na ga manyan duwatsu a jere, ina gama aikin rana nake zama. In kuma ranar tseren agogo ce, da kowa ke fita shi kaɗai, mutum goma na ƙarshe nake jira, don su ne manyan. Abu ɗaya dai, in an ce za a bi bakin teku ko fili fetal kuma akwai iskar gefe, kada ka yarda da shimfiɗar nan. Ayari kan tsinke gida uku ko huɗu cikin minti biyu, wanda aka bari a baya sai ya yi asarar da ko a dutse bai yi ba.

DanDamagaram:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan iskar gefe.

Zango_Kumasi:
Matsalarmu a nan Ghana ita ce lokaci. Suna ƙarewa wajen biyar da rabi agogon Faransa, mu kuma uku da rabi ke nan, daidai kiran la'asar. Ku na Nijeriya da Nijar da kuke gaba da mu da awa ɗaya kun fi mu morewa, kuna idar da salla ku tarar ana kan dutsen ƙarshe. Ni nakan kife waya in tafi masallaci, in na dawo in mayar da hoton baya, kuma na hana yaran shagona faɗa mini sakamako.

Dalibi_Samaru:
Ku masu talabijin ke nan. Mu data ba za ta ɗauki awa huɗu ba, ga damina da ɗauke wuta. A shafin ProCyclingStats nake bi a rubuce, suna sa tazarar da ke tsakanin waɗanda suka ɓalle da babban ayari, da saura kilomita nawa. Da dare sai in kalli taƙaitaccen bidiyo a YouTube. Akwai lissafin da masu sharhi ke yi, wai ayari na iya cinye minti ɗaya a duk kilomita 10. In ka ga tazara minti uku saura kilomita 20, sai zuciyarka ta fara bugawa, ko da hoto ko babu.

Baba_Rali:
Yara, ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Tun zamanin Miguel Indurain nake bin wannan abu, lokacin a rediyon Faransa da jarida muke samun labari. Ni yanzu daɗin Tour ya ragu mini, kuma Pogačar ne sanadi. Ba ƙinsa nake ba, yaro ne mai fara'a. Amma a 2024 zango shida ya ci, ya ba na biyu fiye da minti shida. A 2025 fiye da minti huɗu. Tun mako na biyu ka san wanda zai ci. Ina daɗin? A 1989 Laurent Fignon ya shiga ranar ƙarshe yana gaban Greg LeMond da daƙiƙa 50, aka yi tseren agogo zuwa Paris, LeMond ya ci gasar da daƙiƙa 8 bayan tafiyar fiye da kilomita 3,000. Wannan shi ne tsere. Saboda haka ni ina bayan Sabon_Shiga, a wannan zamanin ƙarshen ma ya isa.

Malam_Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai Indurain ɗin naku sau biyar a jere ya ci, daga 1991 zuwa 1995, kuma ba a ce ya kashe gasa ba. Shi Pogačar ɗin ma an kayar da shi sau biyu. A 2023 a kan dutsen Col de la Loze duniya ta ji shi ta na'urar kunne yana gaya wa motar ƙungiyarsa cewa ya ƙare. Kuma shi ne ya yi wa Roglič irin ta LeMond a 2020, yana bayansa da daƙiƙa 57 ana saura kwana ɗaya, ya juye gasar a tseren agogo kan dutsen La Planche des Belles Filles.

Baba_Rali:
Na ji, Malam. Amma wanda ya ci Giro (tseren mako uku na Italiya) da Tour da gasar duniya a shekara ɗaya, ya dawo ya sake cin ta duniya a Kigali, sai an daɗe kafin a sami mai tare shi.

Mai_Kaca:
Baba, in rigar ruwan ɗorawa kaɗai kake kallo dole ka gaji. Ni yaran gida nake kallo, waɗanda ba a kiran sunansu. Kowace ƙungiya mutum takwas ce, ɗaya ne madugu, kamar ayarin fatake, sauran aikinsu su kai shi. Ka lura da wanda zai ja baya zuwa motar ƙungiya, ya cusa gorunan ruwa a aljihu da cikin riga ta wuya har bayansa ya yi tozo, sannan ya murza ya ratso mutum ɗari ya raba wa 'yan uwansa. In tayar madugu ta yi faci, shi zai sauka ya miƙa masa kekensa ya tsaya a bakin hanya. A gindin dutse ya shiga gaba ya ja har idonsa ya rufe, in ya ƙare ya kauce gefe kamar zai faɗi, ya lallaɓa ya iso bayan minti ashirin. Gobe ya sake. Shi ya sa al'adarsu wanda ya ci Tour yakan raba yuro 500,000 ɗin da aka ba shi ga 'yan ƙungiya da ma'aikata. Ranar da Sepp Kuss ya ci Vuelta (tseren mako uku na Sifen) a 2023, bayan shekarun da ya yi yana yi wa Roglič da Vingegaard hidima, su biyun suna tsaye a gefensa na biyu da na uku, wallahi sai da na yi ƙwalla. Wanda ke kunnawa a kilomita 10 na ƙarshe ba zai taɓa sanin waɗannan mutane ba, don kafin nan sun gama aikinsu.

Gaskiya_Daci:
Duk wannan yabon da kuke yi, ƙwaya ce ke aiki. Mutum ya hau duwatsu mako uku bai gaji ba? Mun ga Lance Armstrong. Sau bakwai ya ci, daga 1999 zuwa 2005, yana rantsuwa, ƙarshe aka ƙwace duka a 2012, ya fito da bakinsa ya amsa.

UmmuSadiq:
Abin da ya faru a wancan zamanin ba mai musunsa. Amma ɗora wa mutum laifi ba hujja ba daidai ba ne, ɗan'uwa. Tun 2008 ake ajiye bayanan jinin kowane ɗan tsere ana bibiya, in ya canza ba dalili a tuhume shi. Kuma abubuwa da yawa sun sauya, kekuna, tayoyi, atisaye a wurare masu tsayi, har cin abinci. Yanzu a kan keke suke ci ba ƙaƙƙautawa, ka ga kowane ɗan lokaci an zaro wani abu daga aljihu an kai baki.

Gaskiya_Daci:
Hajiya, Armstrong ɗin ma ana gwada shi a lokacin. Ban kama sunan kowa ba, amma ni idona a buɗe nake kallo.

DanDamagaram:
Wannan haƙƙinka ne. Amma dai kana kallo.

Dalibi_Samaru:
Mu koma kan Girmay da ya kawo mai tambaya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci zango a Tour, ko?

Malam_Lissafi:
A'a, baƙar fatar Afirka na farko dai. Robbie Hunter na Afirka ta Kudu ya ci zango a 2007, Daryl Impey ya sa rigar ruwan ɗorawa a 2013 ya kuma ci zango a 2019. Froome ma a Nairobi aka haife shi, amma Birtaniya ya yi wa tsere. Girmay zango uku ya ci a 2024, na farko a Turin, ya tafi gida da koriyar riga ta maki. Kafin shi ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot ya sa riga mai ɗigon ja ta hawan dutse na 'yan kwanaki a 2015. Eritiriya ba da ka suka samu ba, tun zamanin mulkin Italiya keke ya shiga jininsu, ga Asmara tana sama da mita 2,300, yaro yana tasowa huhunsa ya saba.

Mai_Kaca:
Ni na Giro ɗin 2022 ne ya tsaya mini. Girmay ya ci zango na 10, yana kan dandamali murfin kwalbar da ake ba su ya fallatsa ya same shi a ido, washegari bai iya ci gaba ba. Rana ɗaya farin ciki da jarrabawa.

Dan_Tasha_Maradi:
Ku duk a allo kuke gani. Ni na tsaya a bakin titi a Wagadugu lokacin Tour du Faso, na je sayen kaya aka ce an rufe hanya. Gasar ta daɗe, tun 1987 ake yin ta. Mun daɗe a rana, masu sayar da ruwa suna ta ciniki, yara a kan bishiya. Sai 'yan sanda a babura, sai motocin talla, sannan muka ji wani irin shuuu na tayoyi da ƙarar kaca, iskarsu ta bugi fuskata, kafin in gane launin riga ɗaya sun wuce. Abin da ban taɓa lura da shi a talabijin ba shi ne kusancinsu, kafaɗa na gugar kafaɗa, suna yi wa juna tsawa. Ga gishirin gumi ya yi fari a rigunansu. Kuma ko sisi ban biya ba.

Zango_Kumasi:
Wannan rashin shinge shi ne kyansa, shi ne kuma rauninsa. Vuelta ta 2025 ba a ƙarasa zangon ƙarshe a Madrid ba, masu zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu sun cika hanyar saboda wata ƙungiya mai ɗauke da sunan Isra'ila. Titin kowa ne, ba filin wasa ba.

Bakanike_Fagge:
Abin da ke ci mini rai, ga mu da Jos da Mambila, ga yara masu ƙafa da ke ɗauko buhu biyu a keke daga ƙauye, amma ba mu da kowa a can. Kuɗi ne. Keken da suke hawa doka ta ce kada ya gaza kilo 6.8, da hannu ɗaya za ka ɗaga shi, amma kuɗinsa ya haura yuro 10,000. Ruwanda ƙaramar ƙasa ce, ta riƙe gasarta duk watan Fabrairu har aka kawo mata gasar duniya a 2025, karon farko a Afirka.

UmmuSadiq:
Muna da Ese Ukpeseraye da ta wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Kuma tunda Baba na kukan an daina tsere na kusa da kusa, ya duba na mata. A 2024 Kasia Niewiadoma ta ci Tour ɗin mata da daƙiƙa 4 kacal a kan Demi Vollering, a saman dutsen Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21. Vollering ta riga ta isa, aka tsaya ana ƙirga daƙiƙa, ita kuma Niewiadoma tana tahowa tana layi a kan keke. Da ta iso zubewa ta yi a ƙasa, ba ta ma san ta ci ba sai da aka gaya mata. A 2025 kuma Kim Le Court ta Moroshiyas ta ci zango ta sa rigar ruwan ɗorawa.

Baba_Rali:
Wannan na daƙiƙa 4 na gani, 'yata. Ya yi kama da na da.

DanDamagaram:
To Baba, ga wani. Giro na 2025, saura kwana ɗaya. Isaac del Toro ɗan Meziko, shekararsa 21, yana sanye da rigar ruwan hoda ta wanda ke kan gaba a Giro, Richard Carapaz na biye da shi, Simon Yates na uku. A kan Colle delle Finestre, dutsen da samansa ba kwalta sai tsakuwa, Yates ya fizga. Su biyun suka tsaya kallon-kallo, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja. Ashe tun da safe ƙungiyar Yates ta tura Wout van Aert cikin waɗanda suka ɓalle, ya jira shi a bayan dutsen ya ja shi a kwari kamar babur. Yates ya ci Giro da kusan minti huɗu. Kuma a wannan dutsen ne a 2018 shi Yates ɗin yana sanye da rigar ya yi asarar fiye da rabin awa, ranar da Froome ya yi kilomita 80 shi kaɗai. Sabon_Shiga, a kilomita 10 na ƙarshe ranar ba abin da ya rage sai ɗaga hannu.

Mai_Kaca:
Har a can baya ma tsere ake yi. Kowace rana akwai wa'adin lokaci, wanda ya wuce shi an sallame shi. Masu gudun ƙarshe jikinsu da nauyi, ranar dutse sai su haɗu a baya suna lissafin minti. Mark Cavendish a ranar farko ta 2024 amai yake yi saboda zafi, yaransa suna zuba masa ruwa a ka, ya iso kusan minti 40 bayan na farko. A zango na 5 ya ci zangonsa na 35 a tarihin Tour, ya wuce Eddy Merckx mai 34. Cavendish ɗin ne kuma ya zo na ƙarshe a jimillar gasar.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Har yanzu dai awa biyar ta yi mini yawa, ina da shago. Tsarin Hajiya UmmuSadiq zan ɗauka, in zaɓi ranakun duwatsu. Da wace gasa kuke ganin zan fara don in saba da sunaye kafin Tour a watan Yuli?

Malam_Lissafi:
Paris-Nice a watan Maris. Kwana takwas ce, akwai iska, akwai dutse, za ka ga komai a taƙaice.

DanDamagaram:
Giro a watan Mayu. Ta fi Tour rikici, ga ruwa ga ƙanƙara a kan duwatsu, ba ƙungiyar da ke iya riƙe ta.

Zango_Kumasi:
Kada ku jefa shi mako uku tun yanzu. Ya fara da ta Ruwanda, ya ga taron jama'a a kan tudun Kigali mai daɓen duwatsu.

Baba_Rali:
Duk wadda zai kalla, ya zaɓi wadda Pogačar ba ya ciki.

Gaskiya_Daci:
In kun tsayar da ɗaya ku sanar a nan, kuma don Allah kada kowa ya saka sakamako kafin isha'i, wasunmu sai dare muke gani.